Ɗakin Lazare Roubaud

Anselme Roubaud ɗan kwale-kwale ne a Marseille. Shekara talatin yana kai mutane tsibirin da tsohon kurkuku yake. Ko baƙi ɗaya bai sani ba a karatu, amma akwai rubutu guda da ya haddace a duniya: sunan ubansa, Lazare, wanda aka kama a wata tarzomar 'yan dako, ya yi shekara goma sha ɗaya a tsibirin, ya mutu a ciki. Ba a ba su gawa ba, balle kabari. Abin da ya rage sai sunan da ya kankara da ƙusa a bangon ɗakinsa. Duk zuwan da Anselme zai yi, sai ya shiga ya bi rubutun da yatsa kafin ya koma bakin ruwa.

Ana nan sai wani marubuci a Paris, irin masu cika jaridu da labaran takobi da ramuwar gayya, ya ƙago wani jarumi, ya ce wai a tsibirin nan aka tsare shi har ya tsere. Kai, jama'a! Sai ga baƙi tuli, maza da dogayen huluna, mata da laima, kowa sai an nuna masa ɗakin jarumi. Ɗakin mutumin da ba a taɓa haifa ba, ka ji fa!

Mai gadin wurin, Barnabé Cauvin, mutum ne da ba ya barin baƙo ya koma da ɓacin rai. Ya duba ɗakunan, ya zaɓi na Lazare, don shi ke da 'yar taga mai kallon teku. Wata rana da hantsi Anselme ya same shi da bokitin farar ƙasa a ƙofa.

"Barnabé, me za ka yi da wannan?"

"Gyara, tsoho. Baƙi suna tambaya wane ne Lazare, na gaji da kame-kame. Zan shafe, in sa sunan da suke so."

"Ubana ne fa."

"Allah ya jiƙansa. Wa ya taɓa hawa kwale-kwalenka don ya gan shi? Kai ma jarumin nan ne ya sa maka nama a miya, ka daina cin burodi da tafarnuwa."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Ya roƙa, ya yi fushi, ya ce a ɗauki ɗakin da ke kusa. Barnabé ya ce wancan ba taga, mata ba za su yi kuka a ciki ba.

Kwana tara Anselme ya ƙi zuwa tsibirin. Ya zauna yana gyaran komar kamun kifi, ba ya magana, har matarsa Honorine ta ce masa, "Ka je ka gani da idonka, malam, wannan shirun naka ya ishe ni."

Ya je. Bango fari fat, an cike ramukan, an kankara wani suna sabo da kyakkyawan rubutu. Ya lalubi wurin da tafin hannu, sumul. Nan ya ji ubansa ya mutu masa a karo na biyu.

Wata baƙuwa da ya kawo tana share hawaye da hankici, ta juyo ta ce, "Baba, a nan ya sha wahala?"

"A nan ne, Madam. Shekara goma sha ɗaya."

"Ta ina ya fita?"

"Bai fita ba."

Ta yi dariya, ta taɓa mijinta. "Ka ji bawan Allah, bai karanta littafin ba."

Anselme ya sauka bakin ruwa ya riƙe musu kwale-kwale har suka gama kuka, ya mayar da su gari.