Yaya Asabe da 'Yar da Muka Raba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga watan Janairu, Allah ya karɓi ran Hajiya Asabe Tukur, yayar maigidana, a gidanta da ke Malali, bayan doguwar jinyar ƙoda. Na sa wannan rubutu a zauren dangi na waya domin kowa ya gani, har da wadda ba ta ɗaukar kirana.

Yaya, mu a Rafin Guza da sauƙi. Ƙaninki Malam Dauda ya koma shagonsa na kafinta, sai dai abinci ba ya shiga. Ɗanmu Abba ya warke daga zazzaɓin. Ni ƙafar ce dai, kamar kullum. Wadda ba ta da lafiya ita ce Ilham, ko da yake babu inda ke mata ciwo. Tun da ta baro makaranta ta zo jana'izarki, ta shige ɗakinki, ba ta fito ba.

Ilham 'yar farina ce. A yadda aka rene mu, uwa ba ta nuna wa 'yar fari so a gaban mutane, ba ta ma kiran sunanta. Na riƙe wannan kunya da gaske, sai a rubutun nan ne ma na ambaci sunanta. Ke kuwa babu ita a kanki. Ke kika goya ta ranar suna, ke kika kai ta firamare riƙe da hannunta, ke take kira Mami. Ni ina bakin murhu ina jin dariyarku.

Da ta gama sakandare, jami'o'in gwamnati suna yajin aiki. Kika zo gidanmu kika ce ba za ta zauna tana jira ba, kin samo mata gurbi a wata jami'a da coci ta gina, za ta karanta kimiyyar siyasa. Na ƙi. Na ce me ya haɗa 'yar Musulmi da makarantar coci, kuma siyasar da na sani ita ce rabon atamfa da zagi a bakin rumfar zaɓe. Kika yi dariya kika ce, "Matata, ba takara za ta tsaya ba. Za ta koyi yadda ake mulkin mutane ne, don wata rana ta hana a mulke su da ƙarya."

Ba ki tsaya a baki ba. Kin hau mota kin je makarantar kafin ita. Kin zauna da shugabar kula da ɗalibai mata, kin tambaye ta hijabi, kin tambaye ta Salla, kin shiga har madafa kin tambayi wanda yake yanka musu nama. Da aka nuna miki ɗakin da ɗalibai Musulmi ke Salla, kin duba alƙibla da kanki. Kika dawo kika zayyana mini komai, don hankalina ya kwanta. Ya kwanta kuwa. Amma sunanki ne makaranta ta sani a matsayin uwa, ke ake kira idan sakamako ya fito, ni sai dai in ji daga bakinki.

Kowane azumi kina aika mata dabino da garin kunu, kina haɗawa da na ƙawayenta Kiristoci. Idan an yi hutu, motar haya Malali take fara kai ta. Sai ta kwana biyu a can kafin ta iso mana, da ɗankwalinki a kanta, tana ƙamshin turarenki. Idan kun zauna cin tuwo, ku yi ta musu a kan tsarin mulki da 'yancin ƙananan hukumomi. Sai ki lura da ni, ki ce, "Ku yi da Hausa, matata na zaune." A yi Hausar kaɗan, a koma Turanci ba tare da kun sani ba. Na san alheri kike nufi. Ni dai sai in tashi in ɗauko ruwan da babu wanda ya nema.

Saboda ita na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, kuma ke kika kai ni aka gwada mini tabarau. Ko wannan ban samu ni kaɗai ba, da hannunki a ciki.

Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, har kukan da take yi miki na tsaya ina kallo, ina tambayar kaina ko ni zan samu rabinsa. Sai na tuna daren jinya da kwanakin asibiti da kika ɓoye mata don kada karatunta ya taɓu. Kin cancanci kukan. Kishin dai bai bar ni ba, ina roƙon Allah ya yaye mini.

Ranar sadakar bakwai, Baffa Aminu, babban wanku, ya ce tunda mai tsaya wa abin ta tafi, a dawo da yarinya gida, dama shi bai taɓa yarda da makarantar ba. Ya juyo ya ce, "Ai uwarta ma ba ta so." Mahaifinta ya sunkuyar da kai. Ita kuma daga ɗaki ta ce ba za ta koma ba, wa za ta kira ta ba labarin darasi? Shekarar ƙarshe take. Makaranta ta ce idan ba ta koma ranar Litinin mai zuwa ba, ta rasa jarrabawa, shekarar ta tafi.

Baffa, da girmanka nake magana. Gaskiya ne na ƙi a farko. Amma shekara uku da rabi tana can, Sallarta ba ta ragu ba, kunyarta ba ta ragu ba. Yanzu ina so ta koma.

Allah ya jiƙan Yaya Asabe, ya yafe mata kurakuranta, ya sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanta Faruk da Asma'u, da ƙannenta, da abokan aikinta na ma'aikatar da ta yi wa hidima har ta yi ritaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya kyautata namu ƙarshen.

Ke kuma 'yar Mami, na wanke kayanki na goge. Ina so in raka ki tashar Kawo, in hau motar tare da ke har ƙofar makarantar. Ban san abin da ake faɗa a ofis ba, amma zan tsaya a inda take tsayawa. Ki ba ni amsa kafin Juma'a. Idan kin fi son Asma'u ta raka ki, ki faɗa, zan haƙura in tsaya a tasha. Ki dai koma.

Kulu Dauda
Rafin Guza, Kaduna