Isufu, wanda ya jira a kira shi

Shekara bakwai ke nan da muka kai Isufu makwancinsa a nan Dakoro, cikin bazarar da ko inuwa ba ta da sanyi. Sanƙarau ne ajalinsa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana karatun ƙanƙara, ya cika yana roƙon a jiƙa zane a ɗora masa a ka. Taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, don haka ina da izinin yi masa tsiya ko bayan ransa. Sai dai bana tsiyar ta ƙi fitowa.

Ni na laƙaba masa Sarkin Ƙanƙara. Mu dai ƙanƙarar da muka sani ita ce ta leda, wadda ake rububi a kanta da azumi. Shi kuwa da ya gama jami'a a Yamai ya samu bursi, wato tallafin karatu, zuwa Faransa, sai ya zaɓi nazarin wadda ta rufe ƙurewar kudancin duniya. Ya ce ana haƙa ta kamar rijiya, a zaro ta sanda-sanda, a karanta yadda zafi da sanyi suka yi ta juyawa tun kafin kakanninmu. Ya ce makiyayin Tagriss da rijiyarsa ke ƙafewa yana da haƙƙin sanin abin da ke faruwa can, don ruwan samansa bai rasa nasaba da shi ba. Na ce masa ya fara da gyara mana firjin gida.

Abu ɗaya ya rage masa: ya taka ƙanƙarar da ƙafarsa. Duk karatunsa a ɗakin sanyi ya yi shi, kan guntayen da wasu suka kawo. A fanninsu, wanda bai je can ba, ba ya samun gurbi bayan digiri. Jirgin ruwan da ke kai masu bincike kuwa kujerun matasa a cikinsa kaɗan ne.

Sai aka gayyace shi babban taro, inda aka ware wa sababbin masana nasu zama. Da safe a koya musu ɗaure igiya a ƙugu don tafiya kan ƙanƙara mai ramuka, da yadda ake sa tufafi kada yatsu su mutu. Isufu ya iya duka. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne, ba a aji ake zaɓen masu shiga jirgin ba. A lokacin shan kofi ake yi, kowa a tsaye da kofinsa. Yaro ya ratsa mutane ya tsaya gaban babba, ya faɗi sunansa, ya yabi aikinsa da bakinsa, ya ce a ba shi kujera.

Mu kuwa kowa ya san yadda aka raine mu. Yaro ba ya tunkarar babba da buƙata, sai ya nemi wanda zai shige masa gaba. Ba ya kallonsa ido da ido, ba ya katse masa hira, balle ya buɗe baki ya ce na iya. Malamin da zai gabatar da Isufu bai samu zuwa ba. Shugabar tafiyar wata dattijuwar farfesa ce. Kullum da safe Isufu zai je ya rusuna ya gaishe ta, ya koma jikin bango ya tsaya. Haka har aka watse.

Da ya dawo gida bayan bursinsa ta ƙare, na tambaye shi. Ya ce, “Wallahi ban tsallake gaisuwa ba ko sau guda. In tana biɗata, ai ta gane ni.” Na ce, “To kai amarya ne da za a zo a ɗauke ka?” Ya yi dariya, ban sake jin ya ta da maganar ba. Ya kama koyarwa a lise, wato babbar sakandare, da kwantiragi, yana zana wa yara taswirar ƙasar da bai gani ba.

An ce yanzu abubuwa sun sauya. Matasan fannin suna da ƙungiyarsu, ana haɗa kowane sabo da babba tun kafin taro, har darasi ake yi kan yadda mutum zai gabatar da kansa. Da Isufu na nan, na san zai riƙe baki ya ce ashe rashin kunya ma sai an koya. Amma na san zai zauna a layin gaba. Takaicina shi ne gyaran ya zo bayan an rufe shi da ƙasa.

Bara wani abokin karatunsa, Bakari, mutumin Mali, ya biyo ta Maradi ya ƙaraso yin ta'aziyya. Shi ya samu shiga jirgin a waccan shekara. Na kai shi wurin Gwaggo, mahaifiyar Isufu, ina yi musu tafinta don ba ya jin Hausa. Bayan addu'a, ta ce, “Tambai mini shi, abokin wasan nan naka bai yi abin kunya ba can cikin mutane?”

Bakari ya sunkuyar da kai, ya amsa da Faransanci. Ya ce a cikin jirgi farfesar ta tambaye shi labarin ɗan Nijar ɗin nan. Ta karanta aikinsa tun kafin taro, ta riƙe masa kujera har ranar ƙarshe. Da ta ga kullum gaisuwa kawai yake yi ya ja da baya, sai ta ɗauka ba ya son tafiyar, yana jin nauyin faɗa ne. Kujerar da aka ba Bakari, ta Isufu ce.

Gwaggo na kallon bakina. Na ce, “Ya ce bai taɓa ɗaga ido ya dubi babba ba.”

Ta ɗaga hannu sama. “Alhamdu lillahi. Ɗiyan mutane na zuwa can su lalace, shi ya komo yadda munka aike shi.”

Me ya saura na Isufu? Ba littafi, ba ɗa, ba ko hoto a kan ƙanƙara. Akwai ɗaliban da suka san duniya tana da ƙarshe mai sanyi. Akwai ladabinsa, wanda har gobe ake ba yaran unguwa misali da shi, ni kuma in ji kamar an watsa mini garwashi. Ban ce ladabi laifi ne ba. Amma a ajin firamaren da nake koyarwa, yanzu kowane yaro sai ya miƙe ya dube ni cikin ido ya faɗi sunansa da abin da yake so.

Kwanan baya labari ya kai wa Gwaggo. Ta aika aka kira ni, ta ce ta ji ina koya wa yara tsaurin ido, in ji tsoron Allah in yi koyi da marigayi. Na rusuna, na ce to.

Allah ya sanyaya maka kabari, Sarkin Ƙanƙara.