Ranar da Kwamfutar Yaya Isuhu Ta Ƙi Gane Kati

Shekara goma sha uku ke nan da aka kai Yaya Isuhu makwancinsa a Tsibiri. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran kwamfuta. Ni kuwa 'yar jarida ce a wani ƙaramin gidan rediyo mai zaman kansa a unguwar Zariya. Duk shekara nakan ɗauki alƙalami don in yi rubutu a kansa, sai in fasa. Bana zan faɗi abin da ya faru wata Talata, lokacin rikicin tsarin mulki.

A makon na je Jiratawa na ɗauko muryar wasu manoman rani da aka hana wa ruwa don sun ƙi fita gangamin siyasa. Muka sa a iska. Washegari aka zo aka tafi da darektanmu, wai mu muka ƙirƙiri muryoyin. Lauyansa ya kira daga Yamai, ya ce a aiko masa da hirar cikakkiya kafin la'asar. Sai kuma muka ji za a dawo a kwashe kayan aiki. Na cusa faifan hirar cikin zanena, na hau kabu-kabu sai Tsibiri. Ban yarda na shiga shagon intanet ba, don a kwanakin ba ka san wa ke leƙa allonka ba.

Yaya na da tsohuwar kwamfutar hannu da ya sa wa Linuks, tsarin da kowa ke ɗauka kyauta. Yana kuma da wani kati da ya saya wurin wani alhaji mai fatauci, irin wanda ake sa wa layin waya a soka a gefen kwamfuta a samu intanet. Bai taɓa gwada shi ba. Da ya soka, fitilar katin ta yi ja ta tsaya.

"Yaya, mi ke nan?"

"Ba ta gane shi ba. Don wani tsari aka ƙera shi, ita zato take faifai na sa mata. Zauna, Zara, ki rubuta abin da zan karanto miki."

Ya buɗe baƙin allo ya karanto lambobin katin, na rubuta a bayan ambulan. Ya umarci kwamfutar ta saki faifan ƙaryar, sannan ya ba ta lambobin. Sai ta sandare gaba ɗaya. Tun safe babu wuta, batiri kuma ya wuce rabi. Ya kashe ya kunna, ya sake gwadawa, ta sake sandarewa.

Ana haka mota ta tsaya a ƙofar gida. Na ji an bugo ƙyaure. Na zauna daɓas a ƙasa ina tunanin wa zai riƙe mini 'yata. Inna ta yafa mayafi ta fita. Ashe masu sayen hatsi ne suka yi ɓatan hanya. Yaya ko waiwayawa bai yi ba, har na ji haushinsa.

"Ga matsalar nan," in ji shi. "Da ta saki faifan, lambar katin canzawa take, mu kuwa tsohuwar muke ta ba ta."

Ya sa sabuwar. Fitila ta koma kore. Ya sa faifan da na kawo, hirar ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan muna kallon batiri yana ƙarewa. Lauya ya kira ya ce ta iso, bai ajiye waya ba kwamfutar ta mutu. Bayan kwana tara aka saki darektanmu. Shekara biyu bayan nan ciwon hanta ya ɗauke Yaya.

Yau da yana nan, da ya yi dariyar yadda wayar da ke hannuna ke aika irin wannan hira kafin a ƙifta ido. Amma ina jin dariyar ba za ta daɗe ba. Zai ga mutane suna goge saƙon murya da zarar sun saurara. Zai ga manomin da na miƙa wa makirufo a bara ya kalli hagu da dama ya ce lafiya lau ake. Zai gan ni, da furfurata, ina rage murya idan baƙuwar mota ta tsaya a layinmu. Na'ura ta yi sauƙi, tsoron yana nan inda ya bar shi.

Na daɗe ina ɗauka shi ba ya tsoro, ina ganin kaina raguwa. Bayan takaba matarsa ta ba ni littafin da yake rubuta kowace matsala da yadda ya warware ta, da Faransanci, har da gwajin da bai yi nasara ba. A shafin wannan Talata akwai lambobin katin biyu da umarni uku. A ƙasa, da Hausa, ya rubuta: "Na ji tsoro ƙwarai. Ban bari Zara ta gani ba."

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Wannan layin ya bar mini, kuma shi nake karantawa duk ranar da zan shiga ɗakin watsa shiri gabana yana faɗuwa. Allah ya jiƙan Yaya Isuhu, ya sa ya huta.