Lissafin Darar Malam Baffa

Kun san Baba Onyekachi, mai gyaran kwamfuta a kasuwar Sabon Gari? Kai, ina za ku san shi, ku yaran jiya. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Matarsa Adaeze ta rasu, 'ya'ya duk suka watse Kudu, ya rage daga shi sai wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar injin markaɗe.

Abokinsa guda ne tak, Malam Baffa, tsohon malamin makaranta, maƙwabcinmu nan Rijiyar Lemo. Duk Juma'a bayan la'asar sai Onyekachi ya zo su zauna a dakalin Malam. Malam ya ba shi wani lissafi mai murɗe kai a takarda, shi kuma ya koma shago ya rubuta wa kwamfuta yadda za ta bi, ta gwada nan, ta gwada can, har ta kamo amsa. Ƙa'idarsu, wanda ya warware shi zai kawo wa ɗan'uwansa na gaba, a gwangwanin madara suke jefa takardar.

To, na ƙarshe a kan dara ne. Gurbi talatin, ko? Malam ya ce dutse nawa mutum ɗaya zai iya zubawa ba tare da uku sun jeru ba? Onyekachi ya kawo amsa, goma sha wani abu, na manta. Malam ya yi dariya har da tari.

"Inyamuri, injinka ya ci tuwo kuwa? Bai kai ba. Koma."

"Malam, inji ba ya ƙarya!"

"Shi ba ya yi. Mai shi fa?"

Kafin wata Juma'ar Malam ya riga mu gidan gaskiya.

Onyekachi, bawan Allah, ya shiga wani hali. Ya goge ya sake, ya goge ya sake, amsar nan dai ita ce. Ga wanda ya ce bai kai ba yana ƙasa. A kawo masa gyara ya ce a dawo gobe. Juma'a ta yi, ya sa riga, ya zo har bakin layinmu, ya hangi dakali, ya juya. Da idona na sha ganinsa.

Sai da Ummakulsum matar Malam ta fita takaba ya yi sallama. Ta leƙo soro suka gaisa. Tana ganin takarda a hannunsa ta gane rubutun mijinta. Ya durƙusa ya zana mata gurabe a ƙasa, yana nunawa da tsinke: nan uku sun jeru, nan ma, nan ma a karkace.

"Tsaya, Baba. Wa ya ce maka ana cin dara a karkace? A miƙe ne ko a gicciye. Shekara nawa ina jin gardamarsu ta katanga!"

Ashe shi bai taɓa zama ya yi dara ba. Wani wasan jeri da suke yi suna yara ya ɗauka, shi ya gaya wa injin, injin kuma ya bi.

Ya koma shago ya cire wannan ƙa'idar. Kafin ya gyara zama amsa ta fito: ashirin.

Juma'a ya dawo. "Hajiya, ashirin ne?"

"Ni ina na sani, Baba? Mai sanin ya tafi."

Ya daɗe a dakalin nan, har aka kira magariba. Sannan ya ce ta ara masa gwangwanin. Ai wanda ya warware shi ke kawo na gaba. Ya zaro wata takarda daga aljihu, ya ninke ta huɗu, ya jefa, ya mayar da murfi, ya miƙa mata.

Gwangwanin yana nan a tagar soro, ba wanda ya buɗe.