Saƙon da bai je wa masu albasa ba

Shekarar da na dawo Goronyo daga makaranta, ƙungiyar manoman rani ta unguwarmu ta ba ni aiki saboda ina da kwamfuta. Duk lokacin da aka sanar za a saki ruwa daga dam, ni zan tura saƙon waya ga waɗanda gonakinsu ke ƙasa-ƙasa, su kwashe injin ban-ruwa da amfaninsu.

Ina ji da kaina lokacin, wallahi. Salon da aka koya mana shi ne kada ka taɓa jerin sunaye, sai dai ka tace shi. Kana rubuta ƙananan tambayoyi, kowace ta karɓi manomi ɗaya ta ba da amsa, gaskiya ko ƙarya. Yana noman albasa? Yana noman shinkafa? Sai ka haɗa tambayoyin da alama. Alamar "da" tana son duka biyun su zama gaskiya. Alamar "ko", wasu sanduna biyu a tsaye, guda ɗaya ma ta ishe ta. Wanda ya tsallake rariyar nan shi ke samun saƙo.

Wata Laraba da hantsi shugaban ƙungiya, dattijo mai saurin magana, ya leƙo shagon da nake zama.

"An ce ruwa na tahe bayan la'asar. Aika ma masu albasa da masu shinkahwa, su ad da gonaki bakin gulbi."

Na rubuta yadda ya faɗa, kalma da kalma: albasa da shinkafa. Na danna, saƙo ya tafi, na je na sha fura hankalina kwance.

Sai bayan azahar ya dawo, yana share zufa da hularsa.

"Mutum nawa sunka samu?"

Na duba allo. Goma sha ɗaya. A littafin ƙungiya kuwa masu albasa kaɗai sun cika shafi da shafi.

"Goma sha ɗaya mi? Kai ɗan nan, mi ka yi?"

Na koma kan layin da na rubuta, na karanta shi sau uku kafin na gani. Shi da ya ce "da", nufinsa waɗannan da waɗancan, a tara su wuri ɗaya, yadda kowane Bahaushe zai fahimta. Ita kwamfuta ta nemo wanda ke noma albasa kuma yake noma shinkafa, shi kaɗai. Ba ta yi kuskure ba, ni ne sakaran da ya ɗauki "da" ta bakin mutum ya ɗora a kan tata. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni.

Na goge alamar, na sa sanduna biyu. Sunaye suka zubo har allon ya cika. A cikinsu akwai na baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya saya mini kwamfutar. Albasa kawai yake nomawa, can ƙasa wajen hanyar Wurno, kuma na san kwana biyu da suka wuce ya tone ta duka ya tara a gona tana shan iska.

Na sake turawa. Saƙonnin suka riƙa fita ɗaya-ɗaya, sabis yana ɗaukewa yana dawowa. Na kira baffa, wayar tana ƙara ba a ɗauka. Na sake kira. Na juya wajen shugaba da ke tsaye a kaina.

"Ba ni makullin babur, Baba."

Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Hanyar yashi ce, babur ɗin kuma tsoho. Sau biyu ina sauka ina turawa. Duk inda na hango gulbi ta tsakanin itatuwa sai in ga ya fi ɗazu faɗi, ya yi ja, yana tafe da karare. Na wuce mutane suna ɗora inji a amalanke suna gudu. Ban tsaya gaishe da kowa ba.

Da na isa, ruwa ya riga ya kwanta a gonar. Baffa yana ciki har gwiwa, ya naɗe wando, yana tsamo albasa da kwando. Abin da ya fitar kan tudu bai kai buhu uku ba, sauran na yawo a kan ruwa. Na faɗa ciki da takalmana muka yi ta kwasa.

Da muka gaji muka hau tudu, na ce, "Baffa, ba wanda ya gaya maka?"

Ya matse bakin rigarsa, ya nuna gonar maƙwabcinsa mai noman albasa da shinkafa, wadda aka kwashe tsaf.

"Ya hwaɗa min tun hantsi, hal ya gwada min saƙon ga wayatai. Ni ac ce mai ƙarya ta. Ɗana na ka aikawa, in da gaskiya na, ni zai hwara aiko ma."