Makerita da Kuɗin da Banki ya Ƙi

Kowace safiya Makerita kan sauka daga bas a bakin kasuwar Apia, babban birninmu, ta sayi fanke, ta hau benen kamfaninmu, ta tuɓe takalma, sannan ta buɗe kwamfuta tana addu'ar kada ta ga jan rubutu. Kuma sai ta gani.

Kamfanin yana sayar da koko, irin na yin cakulan, na manoman tsibirin Savai'i ta intanet ga 'yan uwanmu mazauna biranen Auckland da Sydney, can ƙetare. Mai saye ya biya, na'ura ta tura wa manomi rabonsa a banki. Galibi lafiya lau. Amma wani kuɗin sai ya tafi, ya kwana biyu, ya dawo kamar ɗan aiken da ya tarar da gida a kulle, ɗauke da saƙo guda da jan rubutu: banki ya ƙi. Dalili? Oho. Bin sawun irin wannan kuɗi shi ne aikin Makerita shekara da shekaru.

Ba da sanin na'ura za mu yabe ta ba. Ba ta san ta ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

"Eteuati, ni fa ban gane ba," takan ce wa injiniyan da ya haɗa tsarinmu da na banki. "Ya tafi ne, ko bai tafi ba?"

"Ya tafi, kuma bai tafi ba, Inna."

"Kai ma dai ba ka gane ba."

"Wallahi ban gane ba. Mu sake turawa?"

"Jiya ka sake turawa, matar fasto ta samu sau biyu, har yanzu ina lallashinta."

A nan darajarta take. Idan kanta ya ɗaure, ba ta danna komai, mutum take nema.

Wanda ba za mu manta ba shi ne na dattijo Iakopo, manomin da ya fi kowa kyan koko. Kuɗinsa ya dawo ranar Talata, ga jana'izar ƙanwar mahaifinsa ranar Asabar. Ba a daɗe ba da dangi suka naɗa shi matai, wato shugaban gida mai sarauta, suka ba shi sunan Seumalo. Wannan ce hidimarsa ta farko. Shi zai tsaya gaban gari ya miƙa gudummawar danginsa, kuma da kuɗin kokon ya dogara. Idan ya tsaya hannu wofi, kunyar za ta bi gidan har jikoki.

Makerita ta duba lambar asusu, daidai take. Ta kira banki, aka ce asusun lafiyarsa lau. To me ya faru? Ta wuni riƙe da kai, fankenta ya yi sanyi. Da ta kira dattijon ta ce, "Iakopo ne?" sai aka kashe waya. Ta koma ta duba sunan: ashe washegarin naɗi ya sa an goge tsohon sunansa a shafinmu, an rubuta na sarauta. Banki kuwa Iakopo ya sani, kuma kafin ya amince da sabon suna sai an kawo takardar kotu, wadda ba za ta fito a makon ba.

Gyaran na minti ɗaya ne: a mayar da tsohon suna. Amma wa zai ce wa sabon matai ya ajiye sunan da dangi suka ɗora masa? Ita dai ba ta yarda a taɓa sunan mutum a bayan idonsa ba. Da safe ta hau jirgin ruwa zuwa Savai'i, ba ta ma san abin da za ta faɗa ba.

Ta same shi a rumfar gidansa, ta zauna can ƙarshen tabarma, ta sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, banki bai san ka ba."

"Bai san Seumalo ba? Duk gundumar nan ta sha shagalin!"

"Ba a gayyaci banki ba, ranka ya daɗe. Iakopo kawai ya sani."

"To sai me? In koma yaro don in karɓi guminna?"

Ta kalli itatuwan kokon da ke bayan gida, ta yi tambayar da ta zo mata: "Ranka ya daɗe, wa ya shuka waɗannan?"

Ya daɗe yana kallonsu. A wajenmu, wanda ba shi da sarauta shi ke noma ya kawo wa matai, kowa ya san haka. Sai gemun dattijo ya fara rawa don dariya.

"Wani yaro ne, Iakopo. Ba laifi, yana da ƙoƙari. To a biya shi, 'yata. Ki gaya masa ya kawo wa shugabansa kafin Asabar, kada ya tsaya shashanci a hanya."

Kuɗi ya shiga ranar Juma'a. Ranar Asabar Seumalo ya tsaya gaban gari, kansa a ɗage.

Makerita, ke ce mai bin kuɗi har ƙofar mai shi. Ke ce ba ki taɓa ganin jan rubutu kin manta akwai mai jira a bayansa ba. Yau da kike ajiye aiki, ina faɗa ba kunya: zuciyata a cike take, kuma tsoron Litinin da za mu zo ofis babu ke nake ji.

A walimar sallamarta da muka yi, sai ga dattijon ya hawo bene yana haki, rungume da kwandon koko. Muka miƙe a rikice, don matai ba ya ɗaukar kaya. Ya dire shi a gabanta ya ce, "Ba ni ba ne. Yaron nan Iakopo ne ya aiko ni."

Mun gode, Inna, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku da za ku gaji kujerarta, duk ranar da kuɗi ya dawo kuka rasa gane dalili, kada ku yi saurin dannawa. Ku yi yadda ta yi: ku ce ba ku gane ba, ku tashi ku je ku tambayi mai shi.