Dogon gilashin Malam Matso

Malam Matso ake ce masa a layin, don tun da ya buɗe shagon hoto maganarsa ɗaya ce ga duk wanda ya tsaya gaban kyamararsa: a matso. Bai yarda da dogon gilashi mai zuƙo abu daga nesa ba. Cewa yake na matsorata ne da 'yan leƙen asiri.

Ya ɗauki amare da jarirai da 'yan fasfo ba adadi, amma matarsa ko sau ɗaya. Kullum sai ya ce ai tana gida, gobe ma rana ce.

Sai ciwon huhu mai yaɗuwa ya kama ta. Aka kwantar da ita a hawa na uku na asibiti, aka hana kowa shiga. Wata nas ta ji tausayinsa, ta ce da hantsi za ta riƙo ta zuwa taga, ya tsaya bayan katanga.

Ya tafi kantin kyamarori da kunya kamar mai neman bashi. Mai kantin ya duba kyamararsa, ya ajiye masa dogayen gilasai biyu. Ɗaya marar nauyi ne, yana rage rawar hannu. Ɗayan ya fi fitar da hoto tar, amma nauyinsa kamar taɓarya.

"Baba, ka ɗauki ƙaramin, hannunka na rawa," in ji mai kantin.

Malam ya ji haushi, ya ce tun kafin a haife shi yake wannan aiki. Girman kai rawanin tsiya, ya saɓi babban ya fita.

Da hantsi ta fito taga, ta rame, nas na tallafe da ita. Ya ɗaga gilashin, fuskarta ta cika masa ido, tana neman sa cikin mutane. Hannu ya ƙi tsayawa, hawaye suka ƙara nasu. Ya danna, ya sake dannawa, aka mai da ita gado.

Hotunan duk sun dushe. Washegari ya dawo da ƙafafun kyamara, ya kafa, ya jira har rana ta take. Nas ɗin ce ta leƙo ita kaɗai, ta girgiza kai.

Ya wanke mai dama-dama a cikin hotunan ranar farko, ya rataye a shago. Baƙi kan tambaya wane ɗan koyo ne ya ɓata hoton nan.

"Ni ne," yakan ce, ya ci gaba da goge gilashi.